Gurbin Ummi a Gonar Shinkafa

Yaya Bilki,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya ƙafar Inna, ta yi sauƙi? Mu nan Turaki lafiya lau, sai gajiya.

Maganar 'yarki Ummi ce. Jami'arsu ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin shinkafa na garin Mutum Biyu: duk wanda ya fi ƙwazo a sashen noma za su ɗauke shi horo, in ya yi abin kirki su riƙe shi aiki. An yi taro, an sha lemo, an ɗauki hoto. Ummi ce ta ɗaya a ajinsu, amma sunan na biyu ne ya fito.

Jiya na je ofishin kamfanin da ke Jalingo. Manajan ya ce, "Hajiya, ba ƙin ta muka yi ba. Gona ce, ga rana ga laka. Mace ba za ta jure ba."

Na ce, "Yallaɓai, su wa ke yi muku dashe?"

Ya ce, "Mata ne, amma ai su ba su yi jami'a ba."

Ashe digiri ne ke sa mace ta narke a rana. Ni da nawa digirin ban sani ba. Ya ce akwai kujera a wurin tarbar baƙi, tunda ya ji tana da fara'a. Da kansa ya rako ni, ya rufe ƙofa, na tare keke na dawo gida.

Ki gaida Inna, ki sa mu a addu'a. Ban faɗa wa Ummi ba tukuna. Ta riga ta sayi takalmin roba na shiga fadama.

Ƙanwarki,
Hadiza