Waƙafi Tsakanin Serafina da Teodora

Tricarico, 3 ga Mayu

Surukata Ilaria ta haihu! Mace ce, Yaya Nunziata, gashi baƙi wuluk irin na gidanmu. Na ma manta gaisuwa: ina fatan kina lafiya, ya ƙafar? Da kunnenki yana jin waya da tuni na kira.

Suna dai kin san al'ada: 'yar fari ta ɗa, sunan kakarta ta wajen uba take ci. Saboda haka Serafina ce, sunan marigayiya matata. Ɗana Donato ya ƙara da Teodora, sunan uwar Ilaria. Jami'in rajista ya tambaye shi ko a sa waƙafi tsakani. Ya ce in an sa, na farko kaɗai zai riƙa fita a katin shaida da sauran takardu. In ba a sa ba, duka biyun za ta ɗauka har abada. Donato ya bar mini zaɓi. Na ce a sa. Shekara arba'in Serafina ta yi da ni, ban ga dalilin da za ta raba layi da wata ba. Kwana goma aka ba mu kafin mu koma a rubuta sunan.

Ƙaninki,
Saverio

Torino, 7 ga Mayu

Saverio, barka. Ƙafa tana nan yadda ka san ta.

Kai da ka kai shekara arba'in kana dangwala yatsa, yau makarantar yamma ta mai da kai alƙalin waƙafi? Ka ba ni labarin gashi, ba ka faɗi abin da mai jegon ta ce ba. Na tabbata ba ka tambaye ta ba.

Ka tuna Mama tana kiranka Biagio idan Baba ya tafi gona? Kai ka ɗauka lakabi ne. Sunan mahaifinta ne. A coci an yi maka baftisma da sunaye biyu, amma da Baba ya je rajista, na ubansa kaɗai ya rubuta. Ina da shekara takwas, ina kallonta tana murza taliya ranar. Ba ta taɓa ganin sunan a takarda ba har ta mutu.

Ka yi yadda ka ga dama. Ka sumbace mini jaririyar.

Yayarka,
Nunziata

Tricarico, 12 ga Mayu

Yaya, ina gaisuwa.

Sau uku na karanta wasiƙarki. Na je gidansu Donato, na tarar da Teodora tana ba 'yarta romon tattabara. Ita kaɗai ta raini Ilaria, kin sani. Na tambayi Ilaria ra'ayinta. Ta ce duk abin da na yanke daidai ne, tana maganar tana kallon cikin kwano.

Jiya na raka Donato ofis, na ce wa jami'in ya bar waƙafinsa a cikin alƙalami. Serafina Teodora, a jere. Da muka kai takardar, Teodora ta goge hannu a zanen girkinta kafin ta karɓa. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, “Tsoho, yarinyar nan za ta zage mu duk ranar da aka ba ta takarda ta cika.”

Ranar Lahadi ta ƙarshen wata za a yi baftisma. Ki zo, ki taho da 'ya'yanki da jikoki, har maƙwabciyarki mai surutu in tana so. Kowa ya zo ya gan ta.

Ƙaninki,
Saverio Biagio