Nauyin da ke Gindin Kunnena

Inna Sahura, don Allah ki taimake ni da shawara, na kasa faɗa ma kowa wannan magana sai gwaggona.

Ni 'yar Lugu ce, aure ya kawo ni Dogon Dutsi. Wata huɗu ke nan da rasuwar kakata wadda ta raine ni. Tun daga lokacin, in ina tauna sai in ji nauyi a gindin kunnena na dama, inda muƙamuƙi ke haɗuwa, kamar ana danna wurin da yatsa. In na buɗe baki sai ya yi ƙas, kunnen ya toshe, hayaniyar 'yan kabu-kabu ta yi nisa. Sai in gan ni a gonar hatsinta da hantsi, tana tafe gabana, zangarniya na shafar kafaɗunta. Har ƙamshin furarta nake ji. Wani lokaci ina mantawa da lomar da ke bakina. Gaskiya ba na son in dawo.

Kakata 'yar bori ce. Gwaggona Mubarika ta ce doguwar tsohuwar, wato aljanar da ke kanta, ce ke neman magajiya, in zo gida tun ba ta kulle mini baki ba. Maigidana Jibrilla kuwa ko sunan bori ba a kira a gidansa. Shi ya sa na daina cin abinci gabansa don kada ya lura, shi kuma ya ɗauka fushi nake yi. Ga haƙorina na hagu ya daɗe da rami, da dama kawai nake tauna. Ina zan dosa?

'Yar Lugu, Dogon Dutsi

'Yata, Allah ya jiƙan tsohuwa. Mahaɗar muƙamuƙi gaɓa ce kamar gwiwa, kuma dab take da kunne. In aka bar wa gefe guda aikin tauna, ga cije haƙora da mai baƙin ciki ke yi bai sani ba, sai ta gaji, ta fara ƙara. Ki je asibiti lokotoro ya duba haƙorin da gaɓar. Kafin nan ki bar goro, aya da cingam, ki koma kunu da tuwo mai laushi, ki riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi. In bakin ya ƙi buɗuwa ko wurin ya kumbura, ki tafi a ranar.

Gwaggonki tsoro take ji miki, kada ki raina ta. Ki kira ta, ki ce kin fara magani. Shi ma Jibrilla bai kamata ya yi ta zargin kansa ba. Ki zauna ku ci tare, ki faɗa masa ciwon, ki faɗa masa kewar. Gonar da kike gani kewa ce, kuma kewa ba zunubi ba ce. Ki roƙe shi ya kai ki Lugu bayan girbi, ki ga dangi, ki yi wa tsohuwa addu'a.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Inna Sahura