Na ba da sunan ƙawata a wurin tsafi

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu, ina gaishe ku da kyau. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku fara zagina ku bari in kai ƙarshe, domin duk abin da za ku faɗa na riga na faɗa wa kaina har da ƙari. Sunayen da zan sa a nan ma ba na gaskiya ba ne.

Ni matar aure ce a Zongon Sokode, ina sayar da turare da mayafai a gida. Mijina malami ne, shi ke jan salla a masallacin unguwarmu idan liman ba ya nan, shi ake kira sulhu idan aure ya rikice. Sai da muka yi shekara tara tare ban taɓa ko ɓari ba. Bai taɓa yi mini gori ba wallahi, kuma haƙurin nan nasa ya fi zagi ci mini rai. Kowane gidan suna ni ce kan tukunya, ni ce mai riƙe jariri a ɗauki hoto, sannan in miƙa wa uwarsa in koma gida shiru. Ina da ƙawa ɗaya da zan kira Salamatu, matar wani Alhaji mahauci, tare muka tashi tun muna tallan koko. Ita a lokacin 'ya'yanta huɗu, duk mata, kuma dangin mijinta sun ishe ta da habaicin rashin namiji. Idan mun haɗu, ita ta yi nata kukan, ni in yi nawa, mu ƙare da dariya.

Shekara biyu da suka wuce, bayan damina, ƙungiyarmu ta matan unguwa ta shirya yawon buɗe ido zuwa Dapango, mu goma sha takwas a mota ɗaya, da kulolin shinkafa da soyayyen wagashi, cukun nan na Fulani, kamar za mu shekara. Mun tsaya a Alejo inda aka tsaga dutse biyu hanya ta bi ta tsakiya, muka yi ta hotuna. A hawan Defale mota na nishi, kwazazzabo a gefenmu kore shar, manyan hajiyoyin da ke cika baki a kasuwa sai salati suke suna riƙe kujera. Ban taɓa sanin ƙasar nan tana da kyau haka ba. Muka kwana a Dapango, da safe ɗan jagora, wani Bamobe ɗan ƙabilar yankin, mai fara'a, ya kai mu kan wani tsauni inda akwai koguna a jikin dutse, da rumbunan ƙasa waɗanda mutanen zamanin da suka gina don ɓuya lokacin yaƙi. Sai an bi tsanin ƙarfe an sauka ta gefen dutsen kafin a kai. Na leƙa sau ɗaya ƙafafuna suka ce ba da su ba. Salamatu kuma kanta ke ciwo, ta koma mota ta kwanta. Sauran duk suka sauka, har direba.

Ina yawo ni kaɗai a saman sai na hango wata babbar bishiya da duwatsu jere a gindinta, da gashin kaji da ƙyallaye a ɗaure. Wani tsoho na zaune a inuwa, kawun ɗan jagoran ne, shi ke kula da wurin. Yana jin Hausa kaɗan, ya ce ya yi kasuwancin dabbobi a Sinkase. Na tambaye shi abin da ake yi a nan, don son jin labari kawai, Allah ya sani. Ya ce wurin kakanninsu ne, mutane na zuwa roƙon ruwa, da lafiya, da haihuwa. Da ya ce haihuwa sai na matso kusa. Mutumin nan bai kira ni ba, bai yaudare ni ba, ko sisi bai nema ba. Kallona kawai ya yi ya ce, "Madam, kai babu yaro ko?" Sai na fashe da kuka a gaban mutumin da ban taɓa gani ba. Ni da ke gyara wa mata karatu ranar Asabar, ni na durƙusa a gindin bishiyar nan. Ina hankalina ya tafi? Ya zuba ruwa a kan dutse, ya yi magana da yarensu, ya ce idan yaro ya zo in kawo akuya kafin ya fara tafiya. Na ce na yi alkawari. Sannan ya ce sai ya faɗa wa wurin sunana da na mijina da garinmu.

A nan ne na yi abin da ya fi durƙuson muni. Na tuna Malam, na tuna sunansa zai fita daga bakin tsohon nan a kan dutsen nan, na ji ba zan iya ba. Kuma maimakon in ƙirƙiri suna, wanda ya fi kusa da harshena ne ya fito. Na ce Salamatu, matar Alhaji mai nama, Zongon Sokode. Tana can a mota tana barci da mayafina a fuskarta. Na koma na zauna kusa da ita, da ta farka ta ce, "Ƙawa, idonki ya yi ja." Na ce iska ce.

Da muka dawo na yi nadama, na yi istigfari, na yi azumi, na ci gaba da shan maganin da likita ya rubuta mini. Na san Allah ne mai bayarwa, ban taɓa shakka ba, ko a lokacin. Cikin ikonsa Salamatu ta haifi namiji, bayan wata ɗaya ni ma na haifi mace. Unguwa ta ɗauka, kowa na cewa addu'ar Malam ce ta karɓu, shi kuma ranar suna ya yi kuka a gaban maza. Na ce a raina maganar dutse ta mutu, wa zai taso daga can ya neme ni?

Sati uku da suka wuce ɗan jagoran nan ya rako wasu baƙi Sokode. Kawunsa ya ba shi saƙo, shi kuma da zuciya ɗaya ya shiga rumfar mahauta yana tambayar Alhaji mai nama, mijin Salamatu. Aka nuna masa. A gaban mahauta da masu sayen nama ya yi gaisuwa ya ce, "Alaji, Baba ya ce in gaida Madam Salamatu. Ya ce in yaro ya zo, barka. Amma Madam ya yi alkawalin akuya ga dutse, akuya bai zo ba." Kafin azahar labari ya zaga Zongo. Kuma wa zai ƙi yarda? Mace mai 'ya'ya mata huɗu, ta je tafiyar, ba ta sauka kogo ba, ta dawo ta haifi namiji. Alhaji ya daina ɗaukar yaron. Uwar Alhaji ta ce ba za a ƙara kawo mata ɗan tsafi ɗaki ba. Shi kuma ya ce wa Salamatu ta tafi gidansu a Bilita sai ya neme ta, ya riƙe 'yan matan huɗu.

Aka kawo maganar gaban Malam, mijina, don ya yi sulhu. Da yake ni kaɗai na zauna a sama da ita, ya kira ni a gaban Alhaji da ƙaninsa ya ce, "Maman Aisha, faɗi abin da kika gani, don Allah." Salamatu na zaune a tabarma da yaro a cinya tana kallona, har da ɗan murmushi, don ta tabbata ceto ya zo. Me ya hana ni ko cewa ta yi barci daga farko har ƙarshe? Tsoro ne, kada a ce to wace ce ta je. Na ce, "Ni dai na ɗan zaga, ban san abin da ya faru a bayana ba." Ina gani murmushin ya tafi. Malam ya ce a yi haƙuri a bincika, da suka fita ya ce mini, "Ki riƙa yi wa ƙawarki addu'a, ɗan Adam mai rauni ne." Na ce to, na je na ɗora girki.

Tun ranar abinci ba ya wuce mini. Ina shayar da 'yata ina tunanin nata yaron da uba ya ƙi. 'Yarta ta biyu ta zo sayen turare wa kakarta, ta ce mini, "Inna, yaushe Mama za ta dawo?" Na ba ta alewa, abin da na iya ke nan. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa wa Malam, sau biyu na ce shayi ne ya huce. Idan na faɗa, me zai rage masa a unguwar nan? Wa zai ƙara bin sallarsa ba tare da gulma ba? Wa zai kawo masa sulhu? Kuma sunan da suka liƙa wa ɗan Salamatu, kan 'yata zai dawo, yarinyar da na jira shekara tara. Idan na yi shiru kuma, auren shekara goma sha huɗu zai mutu a kan ƙaryata, 'ya'ya biyar su tashi a rabe. Na san wanne ne daidai, ba jahila ba ce ni. Ƙarfin yinsa ne ba ni da shi.

Yanzu ga inda aka tsaya. Salamatu ta ce a tura wa tsohon hotonta ta waya, Alhaji ya ce shi bai yarda da hoto ba, sai ido da ido. An yanke ranar Asabar ɗin nan ƙaninsa zai kai ta har kan tsaunin, tsohon ya dube ta ya faɗi ko ita ce. Jiya da hantsi ta kira ni daga Bilita, muryarta a dashe. Ta ce, "Ƙawa, ban riƙe ki ba kan maganar ranar nan, na san kin ruɗe ne. Amma ki raka ni Dapango. Ba zan iya tsayawa gaban mutumin nan da dangin miji kaɗai ba, kuma ba ni da wadda zan kira sai ke." Ta ce, "Kina ji na?" Na ce ina ji. Har yanzu ban sani ba, ko da gaske ba ta gane ba, ko ta gane ne tana ba ni damar in faɗa da bakina. Ta kuma riga ta roƙi Malam, shi kuwa ya ce wannan ai hakkin zumunci ne, in shirya, har ya sa an kama mini kujera a tasha.

Idan na je, tsohon zai dubi Salamatu ya ce ba ita ba ce, sannan ya juyo ya gan ni tsaye da goyo. Idan na ƙirƙiri ciwo na ƙi zuwa, zai wanke ta, amma za a dawo ana tambayar wace ce ɗayar da ta zauna a sama, kuma mu biyu ne kawai. Yau Laraba. Na kasa faɗa wa mijina, na kasa faɗa wa ƙawata, ku ne mutanen farko da suka ji wannan daga gare ni. Wa zan fara durƙusa wa, Malam ko Salamatu, kuma da wane baki? Don girman Allah ku ba ni shawara kafin Asabar. Me zan yi?