Pijon ƙanena ta ƙi ƙonewa

Malam Tanimun, don Allah ka taimake ni, abin ya kai ba ni iya amsa gaisuwar ƙanena sai na daure.

Ni direba ne, ina jigila tsakanin Dogarawa, Malbaza da Konni da tsohuwar Pijo 404. Ƙanena Labbo ma irinta gare shi, sa'ar tawa, kuma ni na koya masa tuƙi. Amma tasa murɗa ɗaya ta tashi lafiya lau. Tawa sai tari da baƙin hayaƙi, ga shan isansi, wato fetur, kamar raƙumin da ya kwana biyu bai ga rijiya ba. Ma'aikatan siminti da nake ɗauka tun da, yanzu shi suke jira. Ranar kasuwar Illela har Innarmu ta wuce ni ta shiga tasa, wai hayaƙina na sa ta ciwon kai.

Kuma ban rage ta da komai ba. Ina sayenta makanikina ya cire mata kalorsta, ɗan ƙarfen nan na bakin tiyon radiyato, ya ce na ƙasar ƙanƙara ne, a nan tare ruwa kawai yake yi. Kowa a tasha ya cire. Allurar zafin injina kullum tana kwance. Labbo ya ƙi cirewa, allurarsa tana tsakiya, na yi ta jiran injinsa ya ƙone, shiru. Allah ya yafe mini, da gaske na jira. Ko dai akwai abin da aka binne masa a motar? Matata ta ce hassada ce, ni na ce bincike ne.

Babban Wa, Dogarawa

Babban Wa, matarka ta fi makanikinka gane ciwo.

Ban ce shi wawa ne ba. Tsohuwar kalorsta takan maƙale a rufe, ruwa ya tafasa, inji ya tafi, don haka cire ta a tsakiyar daji dabara ce ta isa gida. Kuskurenku shi ne mayar da dabarar jeji dokar tasha.

Inji ba tulu ba ne da ake so ya yi ta sanyi. Zafin da ya fi masa daɗi wajen digiri tamanin ne. Ƙasa da haka isansi ba ya ƙonewa duka, sai ya wanke man da ke kare ƙarfe, ya fita hayaƙi. Allurar da kake alfahari da kwanciyarta, kuɗinka take kwance a kai. Abin da aka binne wa Labbo kuwa, masu ƙera motar ne suka binne shi, kai ka biya aka tone naka.

Nemi sabuwa mai buɗewa a digiri saba'in da biyar, ta fi dacewa da zafinmu da lodinku. Mai tamanin da wani abu, bar wa mutanen ƙanƙara. Jefa ta a tukunyar ruwa kan wuta, ka ga ta buɗe kafin ruwan ya tafasa, sannan a ɗaura. A wanke radiyato, a duba bel ɗin fanka. In hayaƙin bai ɗauke duka ba, shekarun sanyi sun riga sun ci injin, sai an buɗe shi.

Saura mai wuyar. Wanda ya san inda ake samun ta gaske a Konni, Labbo ne. Je ka tambaye shi, a gida, ba a tasha ba. Zai yi murmushi, ka bar shi ya yi, wanda ka koya wa tuƙi ne. Allah ya ba ka sa'ar hanya, ya maido maka fasinjanka.

Malam Tanimun