Takardun Malamai Bakwai Suna Cikin Durowata

Malama Sadiyya, assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka mini da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni ma'aikaci ne a wani ofishin ilimi a Kazaure, shekara ashirin da uku kwamfuta tana hannuna. Lokacin da na koyi intanet a Kano, da modem ake shiga. A jona shi da wayar tebur, ya yi ta kuka kamar an taka mage kafin ya kama. Hoto ɗaya, sai ka je ka yi alwala ka dawo bai gama buɗewa ba. Wani ya ɗaga wayar a ɗaya ɗakin kuwa, shi ke nan, sai a sake daga farko. A nan muka koyi aiki: kowace takarda sai ka matse ta, ka rage mata nauyi, sannan ka tura. Har gobe haka nake yi, kuma ban ga aibunsa ba.

Bara aka haƙa rami aka ja mana igiyar intanet, wannan faiba da ake ta zuzutawa. Aka kuma kawo wata Nafisat, 'yata ta fari ma ta girme ta. Ba abin da ta iya sai latse-latse. Ta jibga fayil kamar buhun gero ta tura, ya wuce, ta ɗauka ita ce gwana. Ina gwanintar take, bayan igiya ce ke yi mata aikin?

To, watan jiya aka ce a tura takardun malaman Roni da Gwiwa zuwa Dutse don jarrabawar ƙarin girma. Na yi sikanin ɗinsu, na matse yadda na saba. Sai aka dawo da su, wai ko suna ba ya karantuwa. Idonsu dai. Shugabanmu ya karɓe lambar shiga daga hannuna ya miƙa wa Nafisat a gaban kowa. Kafin shayina ya huce ta gama turawa, har tana tambayata ko da saura. Na ce babu.

Gaskiya akwai. Na mutum bakwai suna cikin durowata, rukunin farko da na tura, su ma an dawo da su, ni kaɗai na ga saƙon. Har da na Malama Dela ta Gwiwa, wadda ta hau babur sau biyu kafin nata su cika. Ranar Alhamis ake rufewa. In na fito da su yanzu na zama abin dariya. Ta yaya zan nuna wa yarinyar nan matsayinta ba tare da girmana ya zube ba?

Tsohon Hannu, Kazaure

Wa alaikumus salam, Tsohon Hannu.

Zan fara ba ka haƙƙinka. Kun sha wuya a zamanin modem, kuma matse fayil a lokacin hikima ce. Shugabanka ma bai kyauta ba, ba a yi wa babba gyara a bainar jama'a.

Daga nan kuma ba ka da sauran gaskiya. Modem ɗin da kake wa kirari, in ya ƙure gudunsa, kilobit hamsin da shida yake ja a daƙiƙa. Faiba mai megabit ɗari ta ninka shi kusan sau dubu biyu. Takardar da za ta ci maka minti goma sha biyu a da, yau ba ta cika daƙiƙa guda. Kana ta yanke wa kaya kunne don su shiga mangalar jaki, alhali tirela ce a ƙofar ofishinku. Wannan ba ƙwarewa ba ce, taurin kai ne.

Nafisat me ta yi maka? An ba ta aiki ta yi, ta kuma tambaye ka ko da saura. Kai ne ka dubi idon sa'ar 'yarka ka shirga mata ƙarya. Girman da kake tsoron ya zube, a nan ya fara tsiyaya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ka san sunan Malama Dela, ka san sawu nawa ta yi, amma tambayarka a kan kanka ta tsaya. Mutum bakwai za su rasa jarrabawa bana don kada a yi maka dariyar minti biyar. Amana ce a durowarka, ba takardu ba.

Gobe da safe, kafin ka zauna, ka kwashe su ka kai wa Nafisat. Ka ce kuskurenka ne, kada ka ƙara da “amma”. Ka ja kujera ka ga yadda take yi, gemu ba ya hana ilimi. Sannan ka sanar da shugabanku da bakinka, kafin ya ji daga bakin malaman. Dariyar ofis ba ta wuce kwana biyu. In kuwa Alhamis ta wuce, kai za ka tsaya gaban Malama Dela ka faɗa mata inda takardunta suka kwana.

Allah ya ba ka ikon yi, ya ba malaman nan sa'a.

Malama Sadiyya