Injin Rautar Da Na Saya Wa Maigidana

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, domin akwai 'yan garinmu da yawa a nan. Shawara nake nema, kuma ina roƙon duk wanda zai yi magana ya karanta har ƙarshe tukuna.

Ni matar aure ce a Daura, muna da yara. Maigidana kafinta ne, kayan ɗaki yake yi, gado da wadrob da ƙofofi, shagonsa shi da ƙaninsa ne, shi ma ƙanin magidanci ne da iyalinsa. Tun da na san shi babu abin da yake buri irin ya mallaki injin rauta nasa na kansa. Ga waɗanda ba su san shi ba, inji ne da ake riƙewa da hannu biyu, a ɗora shi kan katako a danna ƙasa, sai wani ƙaramin baki na ƙarfe ya nutse cikin katakon yana juyawa, da shi ake fitar da zanen nan da kuke gani a jikin gado da ƙofa. Da yake ba shi da shi, kullum sai ya kwashi katako ya kai shagon wani ya bi layi, wani lokacin ya wuni a can a ce masa ya dawo gobe, masu kaya kuma su zo su yi ta faɗa masa magana. Abin yana ci mini rai, sai na sayar da tumakin da nake kiwo ba tare da ya sani ba, na ce zan ba shi mamaki.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, kayan aikin kafintoci da na magina yake sayarwa, daga Kano yake saro su. Wa zan je wa in ba shi ba? Na gaya masa abin da nake so, ya ce ai kuwa na taki sa'a, akwai sabo fil a shago. Aka kawo mini shi a kwalinsa. Ranar da na ajiye wa maigida kwalin a gabansa, wallahi sai da idonsa ya kawo ruwa, sai albarka yake ta sa mini.

Tun makon farko injin ya fara nuna hali. Maigida ya dawo gida ya ce mini idan ya danna shi ƙasa ba ya son komowa sama, sai ya ja shi da ƙarfi. Daga baya ya ce ɗan hannun da ake ɗaure zurfin yankan da shi yana sakewa da kansa, yana cikin aiki sai bakin ya ƙara nutsewa, har ya ɓata masa fuskar wata ƙofa. Bakin ma ya ce ko ya ɗaure shi tamau da sifana sai ya ga ya zamo. Da farko ya ɗora laifin a kan janareta, ya aro na maƙwabcinsa, duk ɗaya. Ni ce na matsa masa ya mayar wa Yaya ya duba. Ya kai, Yaya ya jujjuya shi ya ce lafiyarsa ƙalau, sabon abu haka yake da tauri, ya ɗiga masa mai, hannunsa ne bai saba ba. Kun san kunyar suruki, kuma ga shi kyauta ce daga matarsa, sai ya ɗauko abinsa ya dawo ya ci gaba da aiki da shi.

Wata rana da hantsi ina wanki, sai ga matar maƙwabcin shagonsu ta faɗo gidan ko sallama babu, ta ce in sako hijabi in zo. Ashe maigida yana cikin fitar da zane a kan allon gado bakin ya zame ya nutse gaba ɗaya, injin ya fizge ya kuɓuce masa, ya bi ta kan hannunsa na hagu. Abin da na gani a shagon nan ba zan iya rubuta shi ba. Aka kai shi asibiti a nan, suka tura mu Katsina. Yatsu biyu sun tafi, na ukun yana nan amma ba ya lanƙwasuwa, likita ya ce sai dai a jira a gani. Kuma in faɗi gaskiya, Yaya ne ya ɗauke mu a motarsa, shi ya yi ta zirga-zirga, bai bar mu ba har aka sallame mu. Dangin mijina har yau yaba masa suke yi.

Tun da muka dawo maigida ya zama wani iri. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya, yanzu wuni yake a tabarma yana kallon hannun. Maɓallin riga sai na saka masa. Ƙaramar 'yarmu tsoron hannun take ji, idan ya miƙo zai ɗauke ta sai ta ruga bayana, shi kuma ya yi murmushi ya kau da kai. Kullum maganarsa ɗaya ce, shi ne bai iya ba, ya yi gaggawa, an gaya masa hannunsa bai saba ba bai ji ba. Ranar da ya same ni ina kuka a kicin ya ce, "Ki daina wannan kukan, ke alheri kika yi mini. Ni ne ban san yadda ake riƙon alherin ba."

Ana haka matar Yaya ta zo dubiya. Ta gaishe shi, ta ga hannun ana sake masa bandeji, sai ta tashi ta shige ɗakina. Na bi ta na tarar tana kuka kamar ranta zai fita. Sai da ta sa na rantse ba zan ambaci sunanta ba, sannan ta ce injin nan ba sabo ba ne. Wani kafinta daga Mashi ne ya fara sayensa, bai daɗe ba ya dawo da shi har gida, tana ji daga cikin gida yana cewa bakinsa zamewa yake, saura kaɗan ya illata shi, a ba shi wani. Yaya ya canza masa. Da ya mayar Kano suka ƙi karɓa tunda an riga an yi aiki da shi, sai ya goge shi tas ya mayar cikin kwali ya ajiye. Shi ne ya ba ni. Ta ce ranar da za a kawo mini ta yi masa magana, ya ce ta yi shiru, ya sa an ɗan taɓa shi.

Na je na sami Yaya a shago, ban kama sunan kowa ba, na ce labari ya zo mini daga Mashi. Da farko ya musa, har da faɗa, wai ni zan tsare shi da tambaya kamar ɗan cikina. Da ya ga na kafe sai ya sauko, ya ce eh an dawo da shi, amma ya kai an gyara, shi a zatonsa ya gyaru, kuma abin da Allah ya rubuta babu mai hana shi. Na ce to da aka dawo maka da shi karo na biyu fa, me ya sa ka ce hannunsa ne? Abin da ya ce kawai, duk ranar da maganar nan ta fita daga bakina in manta ina da wa.

Daga nan gidanmu na wuce na gaya wa Innarmu. Ta kama hannuna ta ce in rufa wa ɗan'uwana asiri, yatsu dai ba za su dawo ba ko an faɗa. Ta ce in tuna babban wan mijina mutum ne mai zafi, idan ya ji sai an kai ga 'yan sanda, kuma gidan da zan ci gaba da zama a cikinsa ke nan, ana nuna ni ana cewa ga wadda ita da wanta suka nakasa mana ɗa. Inna tana fama da hawan jini, tun rasuwar Babanmu Yaya ne ke riƙe da ita. Ta ce idan na tona, ba ta yafe ba.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na haɗiye na yi ta ciwona ni kaɗai. To akwai kayan ɗakin wata amarya ta Baure da suka karɓa tun kafin tsautsayin, biki ya matso, masu kaya sai waya suke yi. Maigida ya ce wa ƙaninsa ya zo ya ɗauki injin ya ƙarasa aikin, ya dai bi a hankali kada ya yi irin gangancinsa. Injin yana ɗakina tun ranar da aka kawo shi daga shago. Zuwan farko na ce ban wanke jinin ba. Na biyu na ce ban ga sifanarsa ba, alhali ni na ɓoye ta. Yau ƙanin ya ce in bar wahalar nema, ya samo wata, gobe da safe zai zo ya ɗauka. Matarsa tsohon ciki gare ta.

Na yi tunanin in zuba wa injin ruwa ya mutu kowa ya huta, amma na san maigida Yaya zai aika wa ya gyara, har ya yi masa godiya, kuma zai ci gaba da zama yana zagin kansa a kan laifin da ba nasa ba. Na yi tunanin in gaya masa shi kaɗai in roƙe shi ya bar ta a tsakaninmu, to ban san wane mutum zai zama ba idan ya ji, kuma dole ya tambaye ni tun yaushe na sani.

Don Allah ku ba ni shawara. In faɗa masa gaskiya in ɗauki fushin mahaifiyata, in jefa auren matar Yaya cikin hatsari? Ko akwai hanyar da zan hana injin nan fita ba tare da na tona kowa ba? Malamai na cikin zauren nan, shin biyayyar uwa ta kai nan? Abu ɗaya na sani, ba zan miƙa wa bawan Allahn nan kwalin nan da hannuna ba. Amma in ƙanin mijin nawa ya yi sallama gobe, maigida yana zaune a tsakar gida yana ji, ban san me zan ce ba.