Teburin Kwaɓin Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kin tambayi labarin gidan burodinmu. Har yanzu a rufe yake. Hukumar kula da tsabtar abinci ta ce sai mun daina kwaɓi a kan katako, mu koma teburin ƙarfe. Kin san Baba da teburin nan nasa, gara ki taɓa masa gemu. Shi ya sa na rubuta musu roƙon a yi mana sassauci.

Yaya, na gaji. Babu kujerar da ban sani ba a ofishin nan, har da mai yage wa mutum riga. Ba wulaƙanci suke yi ba. Jami'ar da ke riƙe da maganarmu mutuniyar kirki ce, da kanta ta zo ta goga auduga a tsagogin teburin ta kai ɗakin gwaji. Amma daga gwaji sai kwamiti, daga kwamiti sai jin ra'ayin jama'a, sai ka ce jama'a sun taɓa ganin teburin. Ma'aikatanmu suna ta watsewa, Baba kuma kullum yana zaune gaban tanda ba wuta.

Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan ƙafar ta saki.

Jiya jami'ar ta kira ni tana ta murna. An amince mu ci gaba da katako, muddin za mu riƙa kankare shi muna wankewa da ruwan zafi, su kuma suna zuwa dubawa.

Na yi mata godiya kawai, don an riga an makara. Tun makon jiya, da mai kwaɓinmu na ƙarshe ya zo sallama, Baba ya aika aka kira kafinta. Teburin ya ƙi fita ta ƙofa, don Kaka ne ya haɗa shi a cikin ɗakin kwaɓin, sai da aka sa zarto. Baba da kansa ya riƙe wa kafintan gefe. Na ƙarfen ya iso, mun buɗe, mai kwaɓin ya fasa tafiya.

Ɗazu Baba ya tambaye ni ko hukuma ta ce wani abu. Na ce masa sun ƙi. Ya gyaɗa kai, ya ce dama ya sani, sannan ya ci abinci sosai, rabonsa da haka tun da aka rufe mu.

Idan kin kira shi, don Allah ki tsaya a kan maganata.

Ƙaninki,
Auta